Daga Bristol Zuwa Boston: Tarihin Wani Wasa da Aka Haifa Sau Biyu

A cikin watan Janairu na shekarar 2011 wani abu ya auku a tarihin wasan kwaikwayon talabijin wanda ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ranar 17 ga watan, tashar Syfy ta Amurka ta fara nuna wani wasa mai suna Being Human, wato "Zama Mutum". Bayan kwana shida kacal, tashar BBC Three ta Birtaniya ta buɗe zango na uku na wasan da ke ɗauke da wannan suna, wanda daga gare shi ne aka juyo na Amurkan. Ke nan uwa da 'ya suka ci kasuwa ɗaya. Har tsawon mako bakwai mai kallo na iya ganin tauraro guda cikin riga biyu: a Amurka ana yi masa maraba, a Birtaniya kuwa ana ɗinka masa likkafani. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka zo wannan gaɓa, da kuma inda hanyoyin biyu suka rabu.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita sunaye, domin halittun da wasan ya ginu a kansu ba namu ba ne. Labarin na wasu abokai uku ne da ke zaune a gidan haya ɗaya. Ta farko fatalwa ce, wannan kam ba ta buƙatar bayani. Na biyu mutum ne da ke rikiɗa ya zama kyarkeci duk daren da wata ya cika; Bahaushe ya san labarin masu rikiɗa kura, sai dai wancan da gangan yake yi, wannan kuwa cuta ce ta same shi bayan wani mai irinta ya yakushe shi. Na uku shi ne mai wuyar suna. Ba maye ba ne, domin maye kurwa yake kamawa kuma rayayye ne. Wannan matacce ne da bai kwanta ba, ba ya tsufa, jinin mutane ne abincinsa. Adabin Ingilishi ya san shi tun daga labarin John Polidori na 1819 zuwa Dracula na Bram Stoker na 1897. A nan za mu kira shi mashayin jini.

Abin sha'awa a tarihin wasan shi ne, da fari babu dodo ko ɗaya a cikinsa. Kamfanin Touchpaper ya nemi marubuci Toby Whithouse ya tsara wasa a kan matasa masu zaman gida ɗaya. Sai ya ƙago mutum uku: wani da jarabar neman mata ta yi wa katutu, wani mai danne fushi, da wata mai tsoron fita waje. Aikin ya cije, labari ya ƙi tafiya, har sai da ya kawo shawarar a mai da mai fushin nan kyarkeci. Daga nan sauran biyun suka sami nasu rabon: mai jaraba ya zama mashayin jini, mai tsoron fita ta zama fatalwar da ba ta iya rabuwa da gidan da ta mutu a ciki. Duk wanda ya riƙe wannan asali ya riƙe mabuɗin wasan. Halin ɗan Adam aka fara ginawa, dodanni daga baya aka yafa masa su.

An nuna kashin gwaji a watan Fabrairu na 2008, cikin jerin wasu gwaje-gwajen da BBC Three ta yi a shekarar. Ba shi tashar ta zaɓa da farko ba. Masu kallo ne suka tara sa hannu ta intanet suna roƙon a ci gaba da shi, daga bisani aka amince. Da zango na farko ya fito a Janairun 2009, Russell Tovey ne kaɗai ya rage cikin taurarin ukun na gwaji, yana fitowa a matsayin George, mai rikiɗa. Aidan Turner ya karɓi Mitchell, mashayin jini, Lenora Crichlow kuma ta karɓi Annie, fatalwa.

Gidan da aka ajiye su wani ɗan gida ne mai fenti ruwan hoda a kan kwana, a unguwar Totterdown ta birnin Bristol. Mitchell, wanda ya haura shekara ɗari a duniya, da George, mai kaifin basira da jin harsuna da dama, duk leburori ne a asibiti, masu tura gadon marasa lafiya da goge daɓe. Annie kuwa ba ta da aiki sai dafa shayin da ba za ta iya sha ba, ta cika kofuna ta jera a ko'ina cikin gidan. A ganina, babu wata siffa a duk wasan da ta kai kofunan nan nauyi. Mace ce da wanda zai aure ta, Owen, ya tunkuɗo daga matakalar bene ta mutu, ita kuma ta manta da haka, tana ta hidimar gida kamar amaryar da ke jiran miji. Faɗan da ake yi a gidan ma na wanke-wanke ne da na shirin da za a kalla a talabijin. Ban dariyar wasan da ban tausayinsa duk daga tushe ɗaya suke, wato tazarar da ke tsakanin girman la'anar da ke kan mutanen nan da ƙanƙantar abin da suke nema, wanda bai wuce su biya haya su gaisa da maƙwabta lafiya ba.

Juya wasan Birtaniya zuwa na Amurka tsohuwar sana'a ce. Till Death Us Do Part ya zama All in the Family a 1971, Steptoe and Son ya zama Sanford and Son a 1972, The Office ya ƙetare teku a 2005 ya yi tashen da ya zarce na gida. Wasu kuma sun faɗi, kamar Life on Mars na 2008, wanda bai wuce zango ɗaya ba. Lokacin da aka waiwayi Being Human, kasuwar mashaya jini ce ke ci a Amurka: fim ɗin Twilight da wasan True Blood sun fito a 2008, The Vampire Diaries ya biyo baya a 2009. Jeremy Carver da Anna Fricke ne suka tsara juyin, kamfanin Muse Entertainment ya ɗauki hoton a Montreal ta ƙasar Kanada, amma aka ce labarin a Boston yake faruwa. Ba na cikin masu ɗaukar aro a matsayin aibi. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya kuma mai da su nasa. Abin tambaya a kullum shi ne me mai aron ya yi da abin da ya aro.

Abu na farko da ya sauya shi ne lokaci, kuma tsarin kuɗi ne ya sauya shi. BBC da kuɗin lasisin da masu talabijin ke biya take aiki, ba ta katse wasa don talla, saboda haka kowane kashi na tafiya kusan sa'a guda ba yankewa, kuma zango na farko kashi 6 ne kawai. Syfy kuwa da talla take rayuwa. Kashinta bai cika minti 45 ba, an kuma yayyanka shi, dole kowane yanki ya ƙare da abin da zai hana mai kallo sauya tasha. Sannan kowane zango kashi 13 ne. Sai ya zamana labarin da aka faɗa cikin kashi 6 an shimfiɗa shi a kan 13. Don cike gurbi aka ba Josh, madadin George, ƙanwa mai suna Emily da iyaye, aka kuma ba mashaya jini dattawa da majalisa da siyasar mulki. Wurin da Ingila ta bari a yi shiru ana kurɓar shayi, Amurka ta cika shi da aukuwa.

Haka nan an ɗaga darajar taurarin. Aidan, madadin Mitchell, wanda Sam Witwer ya fito a matsayinsa, ma'aikacin jinya ne cikakke, ba lebura ba. Gidan ma ya fi girma da kyan gani. Sally, madadin Annie, da farko ba ta iya taɓa komai, don haka babu batun shayi; yadda za ta mallaki ƙarfinta shi ne ya zama jigon labarinta. Sai kuma batun yaƙi. Mitchell sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, an mai da shi mashayin jini a 1917 bayan ya yarda ya ba da kansa don a ƙyale sojojin da ke ƙarƙashinsa. Aidan kuwa an mai da shi ne a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, cikin ƙarni na 18. Kowace ƙasa ta ɗauko dodonta daga yaƙin da ya fi zama a zuciyarta. Sai dai yaƙin 1914 zuwa 1918 a tunanin Birtaniya yaƙin asarar matasa ne, wanda ake tunawa da shi cikin sunkuyar da kai, na 'yancin Amurka kuwa yaƙin haihuwar ƙasa ne. Ina ganin wannan bambanci ya bi mutanen biyu har kabari.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Wasan Ingila ya ɗauki shan jini a matsayin jaraba irin ta mashayin giya ko ƙwaya, mai tuba yau ya koma gobe, kuma bai yi wa mai kallo rangwame ba. A ƙarshen zango na biyu, a 2010, bayan wasu masu tsattsauran ra'ayin addini sun tayar da bam a maɓoyar mashaya jini, Mitchell da wata mai suna Daisy suka shiga jirgin ƙasa suka kashe mutum 20 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. An danganta kisan da ramin Box, ramin jirgin ƙasa na gaske da injiniya Brunel ya haƙa a kusa da Bath, aka buɗe shi a 1841. Ka tuna, wannan shi ne kyakkyawan saurayin da masu kallo suka shafe shekara biyu suna ƙauna. Zango na uku gaba ɗayansa, wanda aka mayar garin Barry na yankin Wales, a kan sakamakon wannan ɗanyen aiki ya tsaya. Marubucin ya tayar da ɗaya daga cikin mamatan, wata budurwa mai suna Lia, ya tsayar da ita gaban Mitchell a wani masauki tsakanin duniya da lahira, ta nuna masa waɗanda ya kashe, ta kuma gaya masa cewa a hannun kyarkeci ajalinsa yake. Daga baya ta amsa cewa ƙirƙirar maganar ta yi don ramuwa. Tsoro ne ya ƙarasa aikin: Mitchell ya yi ta zargi da ƙulle-ƙulle har ya rusa amanar gidan da hannunsa. Ranar 13 ga Maris 2011, bayan ya gane cewa muddin yana numfashi zai sake kisa, ya roƙi George ya kashe shi. George ya soka masa fiƙaƙƙen itace a ƙirji, ya ruguje ya zama toka. A tsarin wasan, wanda ya mutu yakan ga wata ƙofa ta bayyana don ya wuce lahira. Ba a nuna wa Mitchell ƙofa ba.

Gaskiya ne cewa ba hikimar marubuci kaɗai ta kawo wannan ba. Aidan Turner ya sami aiki a fim ɗin The Hobbit a ƙasar New Zealand, dole a san yadda za a yi da Mitchell. Amma ana iya tura shi tafiya, a bar ƙofar dawowa a buɗe. Whithouse ya zaɓi a biya bashin jini. Sai dai tafiyar ta buɗe ɓaraka. Tovey da Sinead Keenan, mai fitowa a matsayin Nina, su ma suka bar wasan, Crichlow ta bi su a ƙarshen zango na huɗu a 2012. Kafin zango na biyar babu ko ɗaya daga taurarin farko. An zuba sababbi, Hal da Tom da Alex, kuma Damien Molony ya yi rawar gani a matsayin Hal. Amma wasan ya bar ɗakin girki ya koma ga annabce-annabce da jaririyar da za ta ceci duniya, daga ƙarshe har da Iblis kansa a keken guragu a wani otal. Duk sa'ad da duniya ce ke cikin haɗari, kofin shayi ba ya da sauran ma'ana. An rufe wasan a watan Maris na 2013 bayan kashi 36, ban da na gwaji, da wata ƙarshe mai harshen damo: ukun sun zama mutane, amma wani ɗan kyarkecin takarda da aka bari a kan kanta ya nuna mai yiwuwa mafarki ne Iblis ya saka su ciki.

A wannan fuska na Amurka ya fi sa'a. Al'adar can ita ce a ɗaure ɗan wasa da yarjejeniyar shekaru da dama, saboda haka Witwer da Sam Huntington da Meaghan Rath da Kristen Hager suka zauna tun daga zangon farko har kashi na 52. Daga zango na biyu wasan ya daina bin sawun uwarsa, kuma daga nan ne ya fara numfashi da hancinsa. Abin da ya fi kyau a cikinsa shi ne zaman Josh da Nora, masu rikiɗa biyu da suka yi aure suna ta faɗi-tashin riƙe shi, abin da Ingila ba ta sami sukunin yi da George da Nina ba. Wanda duk ya ce juyin kwafi ne kawai, bai kalle shi ya wuce zangon farko ba.

Amma da aka zo hisabi sai hannun Amurka ya yi sanyi. Aidan ya fi Mitchell daɗewa a duniya da fiye da ƙarni guda, kuma wasan bai ɓoye cewa ya zubar da jini mai yawa ba. Duk da haka ban ga an ba wani daga cikin waɗanda ya kashe irin matsayin da aka ba Lia ba. Nadamarsa aka fi nuna mana, ba asararsu ba. A kashin ƙarshe, ranar 7 ga Afrilu 2014, Sally ta sadaukar da kanta ta mai da shi mutum, shi kuma ya ƙone gidan don ya hallaka mugun ruhin da ke cikinsa, ya mutu a gobarar. Sai ga ƙofa ta bayyana masa, Sally na jiransa a bayanta. Josh da Nora suka rayu, suka haifi 'ya'ya biyu, suka sa musu suna Aidan da Sally.