Yadda Darasin Zane Ya Shiga Makarantun Najeriya

Darasin zane bai shiga makarantun boko na Najeriya bisa wani shiri na gwamnati ba, nacin mutane ƙalilan ne ya shigar da shi. Makarantun mishan na farko karatu da rubutu da lissafi da addini suka sa a gaba, don akawu da malaman coci ake nema.

Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, shi ya fara wannan fafutuka. Da kansa ya koyi zanen hotunan mutane, sannan ya tafi Landan da Paris a 1920 ya ƙaro ilimi. Da ya dawo a 1922 sai ya riƙa bin makarantun sakandaren Legas yana koyarwa, yana kuma matsa wa hukumar ilimi lamba ta ƙara malamai, har aka kawo Kenneth Murray daga Ingila a 1927. Ra'ayin mutanen biyu ya sha bamban. Onabolu ɗan ƙasa ne, amma salon Turai yake koyarwa, wato yadda ake nuna nisa da kusa da inuwa a takarda. Murray kuwa, duk da Bature ne, rayuwar garinsu yake sa yara su zana, yana hana su raina sassaƙa da ginin tukwane na gida. Mai zane Ben Enwonwu ɗalibin Murray ne.

A Arewa ta ƙofar sana'a aka shigo. Makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon dukanci da ƙira da kafinta. Zayyanar allo da adon bango da rini kuwa a wajen aji suka zauna, yaro yana koya a hannun maigidansa. Ƙyamar da malamai da dama ke yi wa zana abu mai rai ita ma ta rage wa darasin karɓuwa.

Duk da haka Zariya ce ta zama cibiya. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa can. Malaman galibi Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a gwama dabarun Turai da zanen gargajiya. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma 'ya'yanta sun zama malamai: Okeke ya jagoranci sashen zane a Jami'ar Nsukka, Grillo a Kwalejin Yaba. Sashen na Zariya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba darasin gurbi, daga baya aka haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda a firamare da ƙaramar sakandare. Wannan haɗin ya ɗora wa malami ɗaya fannoni uku, alhali da wuya a samu wanda ya ƙware a dukkansu. A makarantun gwamnati da yawa babu ɗakin zane, babu fenti ko yumɓu, sai a ɓuge da kwafar bayani daga allo. Iyaye kuma ajin kimiyya suka fi so. Shi ya sa koken masu zane da malaman fannin a yau ya fi karkata ga horar da malamai da samar da kayan aiki.