Shugaba Darman: ɗan majalisar Barno da aka kora zuwa Cadi

Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ɗan siyasa ne na Maiduguri, wanda ya riƙe muƙamin shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jahar Barno a Jamhuriya ta Biyu ta Tarayyar Najeriya. An zaɓe shi a 1979 a ƙarƙashin tutar jam'iyyar GNPP. Abin da ya sa sunansa ya wuce iyakar Barno shi ne abin da ya same shi wata huɗu bayan komawar mulki hannun farar hula: gwamnatin tarayya ta ce shi ba ɗan ƙasa ba ne, ta sa aka ɗauke shi aka ajiye a Cadi, kotu kuma ta ce a mayar da shi gida.

Kujerar da ya riƙe

Mai karatu a Nijar ya saba da majalisar dokoki guda, ta Yamai, inda depitoci suke zama kafin a rushe ta a 2023. Majalisun jahohinmu, kafin a rushe su a 2024, na shawara ne da tsara ayyukan raya karkara, ba su yin doka. A Najeriya ba haka abin yake ba. Kundin tsarin mulki na 1979 ya ba kowace jaha daga cikin 19 na wancan lokaci gwamna zaɓaɓɓe da majalisa tata ta kanta, mai yin doka, mai amincewa da kasafin kuɗi, mai ikon tsige gwamna ma in ta kama. Majalisar Kaduna ta nuna haka a 1981, da ta tsige gwamna Balarabe Musa. Shugaban masu rinjaye a irin wannan majalisa shi ne mai gabatar da buƙatun gwamnatin jaha a zaure, shi ne kuma mai haɗa kan ƴan jam'iyyarsa ranar ƙuri'a.

Barno ta lokacin ta fi ta yau girma nesa ba kusa ba, don ta haɗa da Yobe, wadda sai a 1991 aka yanke ta. Ke nan iyakarta ta arewa ta bi Difa har ta taɓa ƙasar Damagaram, ta gabas kuma ta faɗa tabkin Cadi da Kamaru.

Jam'iyyu biyar suka shiga zaɓen 1979: NPN, UPN, NPP, PRP da GNPP. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ci shugabancin ƙasa, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. GNPP kuwa, wadda Alhaji Waziri Ibrahim ya kafa bayan ya ɓalle daga NPP, mai taken siyasa ba da gaba ba, jahohi biyu ta samu: Barno, inda Muhammadu Goni ya zama gwamna, da Gongola, inda Abubakar Barde ya hau. Gwamnonin nan biyu suka shiga sahun gwamnoni tara na adawa, tare da biyar na UPN da biyu na PRP. Ga NPN, mai ganin Arewa gidanta ce, rasa Barno ba ƙaramin ciwo ba ne. Shugaba Darman kuwa mutum ne mai baki, mai tara jama'a a dandalin siyasa, ba ya kuma sassauta wa jam'iyya mai mulki in ya hau mumbari.

Ranar 24 ga Janairu 1980

A wannan rana jami'an shige da fice suka kama shi a Maiduguri, bisa takardar kora da ministan cikin gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa wa hannu. Takardar ta kira shi baƙon da aka haramta wa zama a ƙasa. Aka tsallaka da shi iyaka aka sauke shi a wani ƙauye na Cadi, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Ya kamata a tuna wace Cadi ce wannan. Gwamnatin haɗin gambiza ta Gukuni Wedeye ba ta kai wata uku da kafuwa ba, kowane ɓangare yana riƙe da bindigoginsa, kuma a watan Maris na wannan shekara yaƙi ya sake ɓarkewa a tsakiyar Njamena tsakanin mutanen Gukuni da na Hissen Habre. Cikin wannan hali aka jefa zaɓaɓɓen wakilin jama'a.

Hujjar gwamnati ita ce asalin mahaifinsa. Mahaifin mutumin Bagirmi ne, an haife shi a ƙasar da daga baya ta zama Cadi, ya zo ya zauna Maiduguri tun farkon zamanin Turawa. Wannan ba baƙon labari ba ne a Barno. Rabe ya ci Bagirmi da Barno a 1893, ya kafa fadarsa a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusiri a 1900, kuma yaƙe-yaƙen nan sun watsa dubban mutane gabas da yamma tun kafin Ingila da Faransa da Jamus su gama shata iyakokinsu a bakin tabki. Da za a bi kowane gida na Maiduguri da irin wannan ma'auni, da an kwashe unguwanni.

Shari'ar

Abin ya tayar da ƙura a jaridu da majalisu. Shugaba Shagari ya kafa kwamitin bincike na alƙali guda don ya duba asalin mutumin, amma GNPP ta zaɓi kotu. Aka shigar da ƙara a babbar kotun Maiduguri, gaban mai shari'a Oye Adefila. An ruwaito cewa ɓangaren gwamnati ya kawo wata tsohuwa daga Cadi tana kuka tana cewa ɗanta ne, shi kuwa ya ce bai taɓa ganinta ba, mahaifiyarsa na nan da ranta a Maiduguri, kowa ya san ta.

A kan mahaifiyar nan shari'ar ta tsaya. Sashe na 23 na kundin 1979 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya kafin ranar samun ƴancin kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin ƙasar. Ɗaya kawai doka ta ce, ba ta kuma fifita uba a kan uwa ba. Don haka ko da an yarda da duk abin da gwamnati ta faɗa game da uban, bai rage kome ba. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa daga Najeriya ko a hana shi shiga. A 1980 kotun ta yanke cewa Shugaba Darman ɗan Najeriya ne, ta soke takardar kora, ta kuma umarci a biya shi diyyar naira 350,000. A lokacin naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuɗin ba na wasa ba ne.

Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 kotun ɗaukaka ƙara da ke Kaduna ta tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne. Shari'ar na cikin na farko da aka gwada babin haƙƙin ɗan Adam na sabon kundin da su, kuma ta zo ne bayan shekara 13 na mulkin soja, lokacin da ofisoshin gwamnati suka saba da cewa sa hannun babba ya isa hukunci. Ƙarfin halin alƙalin Maiduguri a nan ya cancanci a ambace shi: kotun jaha ce ta taka wa ministan tarayya birki.

Bayan haka

Nasarar kotu ba ta ceci jam'iyyar ba. GNPP ta dare gida-gida kafin zaɓen 1983, gwamna Goni ya koma UPN, NPN kuma ta karɓe Barno da Asheik Jarma. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka rushe majalisu duka, na tarayya da na jahohi.  A farkon wannan shekarar ta 1983 ne kuma ma'aikatar cikin gidan ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasar, korar da ta shafi mutane fiye da miliyan guda, akasarinsu ƴan Gana, har da ƴan Nijar da Cadi masu yawa.

Tuhumar abokin hamayya da baƙunta ta ci gaba da yawo a nahiyar. A Zambiya an gyara kundin tsarin mulki a 1996 don a hana Kenneth Kaunda takara saboda iyayensa daga Malawi suke, shi da ya shugabanci ƙasar shekara 27. A Kwaddibuwa an hana Alassane Ouattara tsayawa a 2000 kan zargin asalin Burkina Faso, rikicin da ya kai ƙasar ga yaƙi. A Nijar ma an ƙalubalanci takardar ɗan ƙasa ta Mohamed Bazoum gabanin zaɓen 2020, kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙorafin. Bambancin na Shugaba Darman shi ne ba a tsaya ga hana shi takara ba, an ɗauke shi ne daga kujerar da ya riga ya ci aka fitar da shi ƙasar.

Kundin 1999 da Najeriya ke aiki da shi yanzu ya maimaita tanade-tanaden nan biyu, a sashe na 25 da na 41, kuma har yau ana karantar da shari'ar a tsangayoyin lauyoyi na jami'o'in ƙasar. Shugaba Darman ya rasu a 2010.