Shekara 33 ana jin Miles Davis da ɗan gaggawa

Masoyan jaz ba su rabo da gardama a kan wane bugu na faifai ne na gaskiya. A kan Kind of Blue na Miles Davis kam, gardamar tana da tushe.

An ɗauki kiɗan a New York ran 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, tare da su John Coltrane da Bill Evans. A zaman farko, na'urar ɗauka ta ɗan yi nawa wajen jan bandi. Da aka juya bandin da saurinsa na daidai, sai kiɗan ya ƙara gudu, muryar ƙaho ta ɗan hau sama. Haka kiɗa uku na fuskar farko, har da So What, suka fito a bugun sitiriyo. Mai koyo in ya bi faifan da piyano, sai ya ji abin bai zauna ba. Sai a 1992 kamfanin Columbia ya gyara shi a CD.

To, wanne za a riƙe? Hawan muryar bai dame ni ba. A karatun harshe mun ga karin sautin Hausa tazara ce tsakanin sama da ƙasa: yaro da tsoho ba murya ɗaya gare su ba, amma kalma ɗaya suke faɗi. Gudun ne matsalata. Blue in Green kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, kuma tsohon bugun ya rage wa Miles ɗan shirun da yake bari tsakanin busa da busa.