Kogo: Tarihin Kalmar da Ba Mu Aro Ba

A ƙasarmu ta Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, ba a dutse na fara sanin kogo ba, a jikin kuka na san shi. Akwai wata tsohuwar kuka a bakin gonar kakana wadda cikinta ya rarake, har yara uku kan fake a ciki idan ruwa ya tsuge. Zuma na zaune a sama, mu muna ƙasa, manya kuwa suna gargaɗinmu cewa gidan iskoki ne.

Da na shiga makarantar allo sai na sake gamuwa da kalmar cikin wata riga. Malam ya ba mu labarin Kogon Hira, inda wahayi ya fara sauka ga Annabi (SAW) a shekarar 610, da Kogon Saur, inda ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar lokacin Hijira a 622, da kuma samarin Suratul Kahfi. A nan ne abin lura yake. Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, irin su littafi da alƙali da salla, amma ba ta ari “kahf” ko “gar” ba. Malamai sun tarar da kogo a bakin jama'a, suka ɗora masa wannan nauyi. Ko Sheikh Abubakar Gumi da ya fassara Alƙur'ani, da ita ya yi aiki. A ganina, wannan shaida ce cewa kalmar 'yar gida ce, ba baƙuwa ba.

Kogo a ƙasar nan ya daɗe da zama ma'ajiyar tarihi. A Birnin Kudu, mutanen da suka riga mu sun bar zanen shanu a kogon Dutsen Habude. Harshen kansa ya ajiye wata alama: jam'in kogo da na kogi ɗaya ne, wato koguna. Nakan raya cewa Bahaushe ya dubi kwarin da ruwa ya ƙwaƙule da cikin itacen da shekaru suka rarake, ya ga kamanni.

Daga nan ma'anar ta yi rassa. Mai ciwo yana kukan kogon haƙori, masoyi kuwa yana magana daga kogon zuciya. Wuri ne da babu komai cikinsa, amma can ake ɓoye abin da ya fi daraja.

Bara aka sare kukar kakana don faɗaɗa gona. Da na tambayi ƙanena mene ne kogo, sai ya ce wani wuri ne a Makka. Bai yi kuskure ba, amma rabin gadonsa ya faɗi tare da itacen. Daminar bana zan dasa kuka a gurbinta, ko da jikokina ne za su fake a ciki.