Hular Baduku da Abin da Ke Cikin Ƙoƙon Kai

A ƙarshen shekarar 1893, wani ɗalibin makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Amurka mai suna Joseph Reeves ya je wurin wani baduku a garin Annapolis, ya ce a ɗinka masa hular fata wadda za ta rufe masa kai har kunnuwa. Yadda ake ba da labarin, likita ne ya ja masa kunne cewa in aka ƙara haurinsa a ka sau ɗaya a filin ƙwallo, to ko mutuwa ko hauka. Ga shi kuma wasansu da makarantar sojan ƙasa ya gabato, wasan da ɗalibi zai gwammace ya rasa haƙoransa da a yi shi yana zaune a benci. Baduku ya ɗinka, Reeves ya ɗora a ka ya shiga fili, suka yi nasara da maki 6 da 4. Ya rayu har ya zama babban hafsan sojan ruwa, kuma ana lissafa hularsa cikin na farko a tarihin wasan.

Abin lura a labarin shi ne maganar likitan. Tun kafin a san hoton ƙwaƙwalwa, an riga an san cewa bugun kai a kai a kai yana iya taɓa hankalin mutum. Shawarar da ta dace ita ce Reeves ya bar wasa. Shi kuwa ya nemi hula. Kusan duk tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka a kan wannan zaɓi ya tafi.

Wasan da ake magana a kai ɗan'uwan zari-ruga ne, ana yin sa da ƙwallo mai siffar ƙwai, a ɗauke ta a hannu a ruga da ita, abokan hamayya kuma su tare mai ita su kayar da shi. A jami'o'i aka haife shi. Karawa ta farko tsakanin jami'o'i biyu an yi ta ranar 6 ga Nuwamba, 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, mutum 25 a kowane ɓangare. A 1880 Walter Camp na jami'ar Yale ya sa aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka kuma kafa dokar da ta sa ɓangarorin biyu ke jeruwa fuska da fuska kafin kowane yunƙuri. Wannan jeruwa ce ta mai da wasan karo kamar na raguna: a tsaya, a sunkuya, a gwabza, a tashi a sake.

A 1892 wani mutum mai suna Lorin Deland, wanda bai taɓa buga wasan ba amma ya ƙware a nazarin dabarun yaƙin Napoliyon, ya koya wa jami'ar Harvard wata dabara. 'Yan wasa su taho da gudu daga baya, su haɗe su yi tsini kamar bakin mashi, mai ƙwallo yana tsakiya, su afka wa mutum guda na ɗaya ɓangaren. Ba a daɗe ba aka haramta ta, a 1894, amma masu horarwa suka ƙirƙiro 'yan'uwanta. A wannan shekarar ce wasan Harvard da Yale a garin Springfield ya yi muni har jami'o'in biyu suka daina karawa da juna sai 1897.

A Oktoban 1897 aka kai ga gawa da ta girgiza jiha guda. Von Gammon, yaro ɗan shekara 17 daga garin Rome a jihar Jojiya, yana buga wa jami'ar jihar wasa da Bajiniya a birnin Atlanta. Ya kutsa cikin cincirindo don ya tare mai ƙwallo, da kowa ya tashi shi bai tashi ba. Aka kai shi asibitin Grady, washegari da asuba ya cika sakamakon raunin da ya ji a ka. Cikin 'yan kwanaki majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙudurin haramta wasan baki ɗaya, saura sa hannun gwamna. Sai mahaifiyar yaron, Rosalind Gammon, ta rubuta wasiƙa tana roƙon kada a yi amfani da mutuwar ɗanta a kashe wasan da ya fi so a duniya. Gwamna William Atkinson ya ƙi sa hannu, ƙwallo ta tsira. Har yau masoya wasan na ba da labarin wannan wasiƙa da alfahari, kuma ba mai iya ganin laifin uwa a cikin makoki. Sai dai bayan wasiƙar an ci gaba da wasa yadda aka saba.

Shekarar 1905 ce ta zo da abin da ba a iya kau da kai daga gare shi. Jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a filin ƙwallo a kakar wasan, galibinsu yaran sakandare da na ƙungiyoyin gari. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, mai son wasan ƙarfi, wanda ɗansa ke cikin ƙungiyar sababbin ɗaliban Harvard yana shan rauni, ya kira manyan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ranar 9 ga Oktoba, ya ce su gyara abinsu. Suka yi alkawari suka tafi. Ranar 25 ga Nuwamba, Harold Moore na kwalejin Union ya gamu da bugu a ka a wasansu da jami'ar New York, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, bai kwana ba. Jami'ar Columbia ta soke wasan, Stanford da Kalifoniya suka koma zari-ruga irin na Ingila. Shugaban jami'ar New York, Henry MacCracken, ya kira taro, kuma ranar 28 ga Disamba makarantu 62 suka amince su kafa ƙungiya. Ita ce a 1910 ta ɗauki sunan NCAA, hukumar da ke mulkin wasannin jami'o'in Amurka har yau. Wato asalin kafa ta, kare rayukan 'yan wasa.

Sababbin dokokin 1906 sun halatta jefa ƙwallo gaba, don mutane su bazu a fili a rage cunkoso. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rahoton da likitan ƙungiyar Harvard, Edward Nichols, da abokin aikinsa Homer Smith suka buga a wata mujallar likitoci ta Boston a wannan shekarar. Sun bi raunukan 'yan wasansu na kakar 1905, suka tarar girgizar ƙwaƙwalwa ta yi yawa fiye da yadda ake zato, kuma yaran ba sa kai ƙara. Wani zai ci gaba da wasa alhali ya ruɗe, sai abokansa sun lura ba ya gane abin da ake ce masa. Duk wanda ya karanta rahotannin likitocin yau zai ga kamar daga can aka kwafo su.

Gargaɗi bai tsaya nan ba. A 1928 Harrison Martland, likitan binciken gawa a jihar New Jersey, ya bayyana ciwon tsofaffin 'yan dambe, masu tangaɗi da rawar hannu da lauyewar harshe kamar mashaya, ya danganta shi da tarin duka a ka. A 1933 littafin jagorar likitoci na NCAA da kanta ya ce ana raina girgizar ƙwaƙwalwa, kuma wanda alamun suka wuce kwana biyu a jikinsa kada ya koma fili sai bayan kwana 21 ko fiye, in ma zai koma. A 1952 Augustus Thorndike na Harvard ya rubuta cewa wanda ya gamu da ita sau uku ya bar wasan har abada. Sai a 2010 NCAA ta wajabta wa kowace jami'a ta tanadi tsarin kula da irin wannan rauni, shekara 77 bayan littafinta.

A tsakanin nan hula aka dogara da ita. A 1939 aka wajabta sa ta a wasan jami'o'i, a shekarar kuma kamfanin John Riddell na Chicago ya fito da hular kwano ta roba mai tauri. Daga baya aka ƙara mata sandunan kare fuska. Fashewar ƙoƙon kai ta ragu, hanci da haƙora suka huta. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaron da a da yake kau da kai ya kai kafaɗa don tsoron fuskarsa, yanzu ya ga kansa ya zama guduma, masu horarwa ma suka shiga koyar da tunkuyi da ka. A 1968 mutum 36 suka mutu kai tsaye daga raunin wasan a dukkan matakai, yawanci na kai da wuya. Sai a 1976 aka haramta fara karo da kai, kuma mace-macen suka sauka ƙwarai.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar kwaiduwa a cikin ƙwai. Idan mutum na gudu aka tsayar da shi farat ɗaya, ƙoƙo ya tsaya, ita kuwa ta ci gaba, ta bugi ƙashi ta murɗe, zaruruwan jijiyoyinta su miƙe. Ana iya naɗe ƙwai da auduga ɓawonsa ya ƙi fashewa, amma a jijjiga shi a ga abin da zai sami kwaiduwar.

Sai batun wanda zai ɗauki nauyi. A Satumban 1955 Ray Dennison, tsohon soja da ke buga wa kwalejin Fort Lewis a jihar Kolorado, ya gamu da gwiwar abokin hamayya a ka, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku. Matarsa Billie ta nemi diyyar da doka ta tanadar wa ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. A 1957 kotun ƙolin jihar ta ce mijinta ba ma'aikaci ba ne, domin kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A shekarun nan ne NCAA ta yaɗa laƙabin ɗalibi-ɗan wasa, kuma Walter Byers, wanda ya fara shugabantar ta a 1951, ya amsa a littafinsa na 1995 cewa an ƙirƙiro laƙabin ne don toshe ƙofar neman irin wannan diyya. Wasan da kotu ta ce ba sana'a ba ne, yau filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000.

Wanda ya buɗe ƙoƙon ya duba ɗan Najeriya ne. Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra ta yau a 1968, wanda ya karanci likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh lokacin da aka kawo masa gawar Mike Webster a 2002. Webster tsohon gwarzon ƙwararru ne, ya mutu yana da shekara 50 bayan shekaru na mantuwa da ruɗewa da kwana a mota. A ido ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siriri-siriri aka rina, ya duba a madubin likita, ya ga wani furotin mai suna tau ya dunƙule ya cika ta. A 2005 ya buga sakamakon, ya kira ciwon CTE. Likitocin hukumar ƙwararru ta NFL suka nemi a janye takardar, mujallar ta ƙi.

Jami'o'i sun iya cewa wannan matsalar ƙwararru ce, masu shekara goma sha suna karo, har zuwa Afrilun 2010. A watan ne Owen Thomas, ɗan shekara 21, kyaftin a jami'ar Pennsylvania, ya kashe kansa, masu bincike na jami'ar Boston kuma suka ga farkon CTE a ƙwaƙwalwarsa. Ba a taɓa rubuta cewa ya sami girgizar ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba. Hankali ya koma kan ƙananan bugu, waɗanda ba sa kayar da kowa, ɗaruruwa a kowace kaka. A 2017 tawagar Ann McKee ta duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa 202, kuma cikin 53 da suka tsaya a matakin jami'a, 48 na da ciwon. Adalci ne a faɗa cewa iyalan da suka ga sauyi a halin mamatansu su ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, saboda haka adadin ba ma'aunin dukkan 'yan wasa ba ne.

Gyaran da ya fi aiki bai ci kuɗi ba. Buddy Teevens, mai horarwa a jami'ar Dartmouth a lokacin, ya hana yaransa kayar da juna a atisaye tun 2010, ana ta yi masa dariya, a 2016 kuma jami'o'i takwas na rukunin Ivy suka bi sahunsa a lokacin kakar wasa. A shekarar suka matsar da wurin bugun farko gaba da yadi biyar, don ƙwallo ta riƙa wucewa ba sai an taho da gudu an gwabza ba. Girgizar ƙwaƙwalwa a wannan bugu ta sauka daga kusan 11 cikin 1,000 zuwa 2. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna kashi 72 cikin 100 na irin wannan rauni a atisaye ake samun sa, inda babu 'yan kallo kuma mai horarwa ne ke yanke yawan karon.

A kotu kuwa tafiyar hawainiya ake yi. Ƙarar da Adrian Arrington, tsohon ɗan wasan jami'ar Eastern Illinois, ya shigar a 2011 ta ƙare da sulhu a 2019: dala miliyan 70 don duba lafiyar tsofaffin 'yan wasa na tsawon shekara 50, da miliyan 5 don bincike. Kuɗin na gwaji ne, babu na magani a ciki. A Nuwamban 2022 aka yanke hukunci a Los Angeles kan ƙarar Alana Gee, wadda mijinta Matthew ya buga wa jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya rasu a 2018 yana da shekara 49, aka kuma ga CTE a ƙwaƙwalwarsa. Ta nemi dala miliyan 55. Lauyoyin NCAA suka ce giya da ƙwaya da wasu cututtuka ne suka kashe shi, nata lauyoyin suka ce ciwon ne ya jefa shi cikin shaye-shayen. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba NCAA gaskiya.