Yadda Wutar Masana'antu Ta Rabu Gida-Gida

Kafin zuwan lantarki, injin tururi guda ne ke juya doguwar sandar ƙarfe a rufin masana'anta, kowace na'ura kuma ta ɗauki motsi daga gare ta da bel. Ba ruwan kowa da ƙarfin wuta a lokacin.

A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a birnin New York, mai ba da bolt 110, amma wutarsa ba ta cin dogon zango. Sai a 1891 Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG ya tura wuta mai layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tafiyar kilomita 175. Daga nan aka fara ba kowace na'ura motarta ta lantarki.

To, a nan ne aka raba gari. AEG ya tsaya kan wuta mai juyi 50 a daƙiƙa, Westinghouse a Amurka ya zaɓi 60. Japan ta sayo janareto daga ɓangarorin biyu, Tokyo daga Jamus, Osaka daga Amurka, shi ya sa har yau gabashinta ke kan 50, yammacinta kan 60. Ƙarfin wutar ma haka: masana'antun Amurka bolt 480, Kanada 600, Japan 200, nahiyar Turai 380, Birtaniya 415. Daga baya Turawa suka haɗu a kan 400.

Najeriya ta gaji tsarin Ingila, Nijar ta gaji na Faransa, duka kan juyi 50. Saboda haka injin sassaƙa ƙarfe na gwanjo da ya fito daga Jamus yakan zauna daram a Kano ko Damagaram, amma ɗan Japan mai bolt 200, in aka jona shi kai tsaye, kafin a ce kwabo wayoyin motar sun toye, sai a nufi wurin mai naɗin kwail. Taransfoma tana rage ƙarfi ko ta ƙara, amma ba ta sauya juyi: motar da aka ƙera don 60 takan rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunta a kan 50. Inbata mai sarrafa juyi, wadda ta yaɗu tun shekarun 1980, ita ce ta toshe wannan giɓi.

Duk mai sayen inji, ya goge maiƙon da ya rufe ɗan farantin jikin motar, ya karanta bolt da juyi da yawan layi tun kafin ya biya kuɗi.