Umaru Ganda: tsohon soja, ɗan dako, ɗan wasan da ya fara ciyo wa Nijar kambin FESPACO

Duk wanda ya taɓa zama Yamai ya san CCOG, gidan raya al'adu inda ake kiɗe-kiɗe da wasannin kwaikwayo da manyan tarurruka. Amma in ka tsayar da matashi a bakin ƙofar gidan ka ce masa wane ne wannan Umaru Ganda da aka sa wa wurin sunansa, ba mamaki ya ce maka wani tsohon minista ne. To, ba minista ba ne. Ɗan wasan fim ne kuma mai shirya fim, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45. Ga tarihinsa, saboda masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare.

Daga lakwal zuwa bakin daga

An haifi Umaru Ganda, wanda ake rubuta sunansa Oumarou Ganda da Faransanci, a Yamai a shekarar 1935. Bazabarme ne. Ya yi karatun firamare a nan Yamai, kuma yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, a 1951. A lokacin Faransa tana yaƙi a Indoshin, ƙasar da ta haɗa da Biyetnam ta yau, inda mutanen Ho Chi Minh suke neman ƴancin kai. Can aka tura shi. Abin da ya kamata a lura da shi a nan: yaro ne daga ƙasar da Turawa ke mulka, aka ba shi bindiga ya je ya yaƙi wasu mutanen da su ma Turawan nan ke mulka. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a watan Mayun 1954, shi kuma Ganda ya bar soja a 1955 ya dawo gida.

Da ya dawo bai samu aiki ba. Sai ya yi abin da dubban ƴan Nijar suke yi tun wancan zamani har gobe, ya ɗauki ƴar jakarsa ya nufi bakin teku. Ya sauka Abijan, a Kwaddibuwa, ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa, aikin da yau a ɗauke ka, gobe a ce babu.

Haɗuwa da Jean Rouch

A Abijan ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana bincike ne a kan ƴan Nijar masu zuwa ci-rani, sai ya ɗauki Ganda yana taya shi tattara bayanai. Daga nan ya sa shi a fim.

Fim ɗin shi ne Moi, un noir, wato "Ni, baƙar fata", wanda ya fito a 1958. An ɗauke shi a unguwar Treichville, inda baƙi talakawa ke zama. Labarin mako guda ne a rayuwar wasu samari ƴan ci-rani: neman aiki da safe, yunwa da rana, rawa da dambe ranar Asabar da Lahadi, sannan Litinin ta sake zagayowa. Samarin sun ɗauki sunayen taurarin silima da suke kallo. Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani kuma Tarzan.

Yadda aka yi fim ɗin yana da muhimmanci. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Sai da aka gama ɗauka aka zaunar da Ganda yana kallon hotunan yana magana a kansu, daga kansa, ba tare da an rubuta masa komai ba. Ke nan muryar da ta riƙe fim ɗin, da ba'ar da ke ciki, da ɗacin rai, duk nasa ne. A ƙarshen fim ɗin yana tafiya a bakin ruwa yana kwatanta yadda ya yi yaƙi a Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi kamar mai jefa gurneti, yana nuna cewa duk wannan wahala ba ta tsinana masa komai ba.

Yabo ya tafi wani wuri

A Faransa fim ɗin ya yi tashe. Ya ci kyautar Louis-Delluc ta 1958. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin mai sharhin finafinai ne, ya yaba masa ƙwarai, kuma masana suna lissafa fim ɗin cikin waɗanda suka share hanya ga sabon salon silimar Faransa na shekarun 1960. Sai dai sunan da ake ambata Rouch ne. Shi Ganda, ana maganarsa ne a matsayin ɗan dakon da Bature ya tsinto, kamar dai a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ganda kansa bai gamsu da fim ɗin gaba ɗaya ba. Daga baya ya bayyana cewa akwai wuraren da ba su yi daidai da yadda yake ganin rayuwarsa ba, kuma shi ma ya sa hannu wajen gina fim ɗin kullum-kullum, amma wanda ya zauna ya yanka ya haɗa, shi ne ya yanke hukuncin ƙarshe. Ba shi kaɗai ke da irin wannan ƙorafi ba. A wata tattaunawa a 1965, Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa masu nazarin Afirka irinsa suna kallon mutanen Afirka ne kamar yadda ake kallon ƙwari. Duk da haka, adalci shi ne a faɗa cewa Rouch ne ya buɗe wa Ganda ƙofar silima, kuma ya taimaki ƴan Nijar da dama a wannan sana'a.

Cabascabo: amsa da kyamara

Ganda ya dawo Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, inda ya koyi riƙe kyamara da haɗa fim. Zamani ne da Nijar take sahun gaba a silimar Afirka: Mustafa Alasan ya riga ya fitar da Le Retour d'un aventurier a 1966. Daga wata gasar rubuta labarin fim a 1968 Ganda ya fito da nasa fim na farko, Cabascabo, mai tsawon minti 45, baƙi da fari, kuma shi ne ya fito a matsayin jarumin.

Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Abokai da mata da maroƙa suka yi masa caa, ana ta shagali. Da kuɗi suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aikin lebura, ya sha wulaƙanci, a ƙarshe ya juya ya nufi karkara don ya koma noma. Wannan shi ne labarin da ya so ya faɗa tun a Abijan, yanzu kuma shi ke riƙe da wuƙa da nama. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Cannes a 1969, a sashen da masu sharhi ke zaɓar sababbin hannu.

Duk gidan da ke da kaka ko baba ansiyan kwambatan ya san wannan labari ba ƙirƙira ba ne. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da kuɗin fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mulka, ta yadda Bafaranshe da ɗan Afirka da suka kwana rami ɗaya ba sa karɓar abu ɗaya. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya tsaya a kai

Ra'ayin Ganda na siyasa a cikin finafinansa yake. Ya yi aikinsa ne a zamanin jam'iyya ɗaya ta Jori Hamani, sannan zamanin mulkin soja na Seyni Kunce daga 1974, lokutan da ba a cika faɗin magana kai tsaye ba. Amma bai tsaya ga sukar Turawa kaɗai ba, ya juyo da kyamarar cikin gida.

A Le Wazzou polygame, na 1970, wani mai kuɗi ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya sa ido kan wata yarinya, Satu, wadda tuni aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi suka yi aiki, iyaye suka ba shi ita a matsayin mata ta uku. Kishi ya sa ɗaya daga cikin matansa ta yi niyyar kashe amarya a daren biki, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Kalmar wazzu dangin wa'azi ce, kuma wa'azin a fili yake: auren dole da amfani da rigar addini wajen biyan buƙatar rai ba sa haifar da ɗa mai ido. Wannan fim ne ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, wato Dokin Yennenga, kuma shekarar ce aka fara ba da ita. Ganda ne mutum na farko a duk Afirka da ya ɗaga wannan kambi.

A Saïtane, wato Shaiɗan, ya fito da kansa a matsayin malamin tsibbu mai haɗa matar aure da wani attajiri don abin duniya. Ba addini yake suka ba, masu cin abinci da sunan addini yake tona wa asiri. Fim ɗinsa na ƙarshe mai tsawo, L'Exilé, na 1980, ya ɗauko tatsuniya ce: wani jakada da ya yi gudun hijira a Turai yana ba abokansa labarin wani zamani da magana take da nauyi, har sarki yakan ba da ransa don cika alkawari. Mai sauraro ya san da wa ake.

Akwai kuma maganar harshe. A lokacin da mutane da yawa ke ganin sai da Faransanci abu yake zama na wayewa, Ganda ya sa ƴan wasansa suna magana da Zabarmanci, don manomi da ƴar kasuwa su fahimta ba tare da tafinta ba. Wannan ma matsayi ne na siyasa.

Yadda aka karɓe shi

A waje ya samu kyaututtuka, amma inuwar Rouch ba ta bar shi ba. Har yau in ka buɗe rubuce-rubucen Turawa kan silima, sau da yawa da Moi, un noir ake fara gabatar da shi, finafinan da ya shirya da kansa su zo daga baya. A tarihin silimar Afirka kuma, sunan Sembene ya fi nasa amo nesa ba kusa ba. Dalili ɗaya shi ne tsawon rai: Sembene ya kai 2007 yana aiki, Ganda kuwa shekara goma sha biyu kacal ya samu tsakanin Cabascabo da rasuwarsa. Wani dalilin shi ne kayan aiki. Da ƙaramar kyamara da ɗan kuɗi kaɗan ya yi finafinansa, kuma rarraba su ya yi wuya.

A gida ma ƴan wasansa sun ɗanɗana kuɗarsu. Zalika Sule, wadda ta fito a finafinansa tun daga Cabascabo har L'Exilé, ita ce ta yi kishiyar nan mai kisa a Wazzou. Mutane da yawa a lokacin ba sa bambance wasa da gaskiya, sai suka riƙa zaginta suna ɗaukarta mutuniyar banza. Rahmatu Keita ta ba da labarin wannan a fim ɗinta Al'lèèssi, wanda ya kuma nuna yadda silimar Nijar ta durƙushe bayan shekarun 1980. Zalika ta rasu a 2021.

Abin da ya bari

Ganda ya rasu ne sakamakon ciwon zuciya, yana cikin aikin wani fim. Bayan rasuwarsa aka sa wa gidan al'adu na Yamai sunansa. FESPACO kuma ta ware kyauta mai suna Kyautar Umaru Ganda, wadda ake ba wanda ya fi fice a fim ɗinsa na farko mai tsawo. Tun 1972 ɗin nan Dokin Yennenga na zinariya bai sake zuwa Nijar ba.

Jean Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, a jahar Tawa, a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. A 2024 hukumomi suka cire sunan Rouch daga tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar suka sa na Mustafa Alasan, wato gidan da Ganda ya koyi sana'a.

Ƴan uwa da ke Abijan da Akara da Legas da sauran wurare, idan kun ci karo da Cabascabo ko Moi, un noir a intanet ko a wata cibiyar al'adu, ku tsaya ku kalla, ku nuna wa yara. Za ku ga layin masu jiran a ɗauke su aikin yini, da ɗakin haya cike da samari, da mutumin da ya dawo gida da kuɗi jama'a suka yi masa rubdugu. Shekara fiye da sittin ke nan, amma za ku gane wurin. Allah Ya jiƙan Umaru Ganda, Ya gafarta masa.